Inda Muryar Iya Ta Yanke

A gidanmu na unguwar Tunga akwai wata madafa a bayan tsakar gida, rufin kwano, bangonta rabi a buɗe. Nan ce fadar Iya, mahaifiyar Babanmu. Daga Kagara aka ɗauko ta bayan rasuwar kakanmu, ta zo da akwatin ƙarfe ɗaya da ƙore uku da kujerarta 'yar tsugunno, don ta ce ba ta yarda da kujerun birni ba. Mahaifiyarmu tana da risho, amma Iya ta ce tuwon risho ba ya ƙamshi. Haka murhun duwatsu uku ya dawo gidanmu.

Idan an yi sallar magariba an ci tuwo, ba ta barin wutar ta mutu. Takan tura itace guda, ta jera masara a bakin garwashi, mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta. Daga titi ana jin ƙarar babura, amma da ta gyara murya sai ka ji kamar an rufe ƙofa tsakaninmu da garin. Muryarta mai kauri ce, a ɗan shaƙe, goro ya gama da ita. Ni take fara tsokana.

"Maigida, matsa can, ka tare mini haske. Miji ba aikin fari sai cika wuri."

Sai an gama dariya sannan ta ce, "To, ku ba ni kunne ɗaya, ɗayan ku bar wa masarata, kada ta ƙone."

Tatsuniyar da na fi roƙo ita ce ta kabewa. Wai wata tsohuwa ce ta ceci gauraka daga tarko, gaurakar ta saka mata da irin kabewa mai zaƙi kamar zuma. Da tsohuwar ta ga mutuwa ta zo, sai ta raba irin gida biyu ta ba 'ya'yanta mata, Ladi babba da Jummai ƙarama. Ladi ta zuba nata a tulu, ta liƙe bakin da yumɓu, ta tura ƙarƙashin gado. Duk damina sai ta leƙa sama ta ce, "Ba bana ba, ruwan bana bai kwanta mini ba." Jummai kuwa ta shuka nata a bayan ɗaki. Awaki suka ci, yara suka sata, duk baƙon da ya ɗanɗana ya roƙi iri ta damƙa masa. Ana nan sai wata shekara kogi ya cika ya share gonar Jummai da rumbunta. Ta je wurin yayarta tana kuka. Ladi ta jawo tulu tana taƙama, ta fasa yumɓun, sai ga gari kawai, ƙwari sun cinye irin tun tuni.

A nan Iya takan tsaya ta juya masara, da gangan, har sai mun fara zumbur-zumbur. Sannan ta ƙarasa. Jummai ta ɗauki ƙwarya ta bi ƙauyukan da ke hayin kogi, ta tarar da kabewarta ta hau kowane rufin ɗaki, kowa yana rige-rigen cika mata ƙwarya. Ladi kuma aka bar ta da tulu. Iya sai ta dube ni ta ce, "Ka ji ko, Maigida? Raba masarar nan da ƙanenka."

Bayan na gama karatu na fara koyarwa, na lura Iya ta soma rauni. Har yanzu tana zama a madafa, amma masu kewaye ta sun zama 'ya'yan yayyenmu. Damina guda cur na yi ina ajiye wayata a kan gwiwarta ina ɗaukar murya. Ranar farko ta ɗaga wayar ta jujjuya ta ce, "Wannan abin ba ya gajiya da surutu? To ya fi ka hankali." Shekarar da ta biyo baya Allah ya yi mata rasuwa.

Na kwashe duk abin da na ɗauka na zuba a wani ɗan faifan ajiya mai girman tafin hannu, irin wanda ake jona wa kwamfuta. Wayar ta tsufa na rabu da ita. Goggona da ke Kagara ta aiko sau biyu in tura mata, ƙannena ma sun tambaya. Kullum amsata ɗaya, bari in tsara su tukuna, in sa wa kowace suna. Gaskiyar magana, ina jin daɗin a ce muryar Iya tana wurin Nasiru. Shekaru suka wuce faifan yana cikin durowa.

Da idon Baba ya yi rauni har ya daina gane fuska, na dawo da shi gidana a unguwar Maitumbi. Mutum ne marar yawan roƙo. Wata rana da yamma yana zaune a baranda, sai ya ce, "Nasiru, an ce kana da muryar Iya. Sa mini in ji."

Na shiga ɗaki da sauri na jona faifan. Maimakon ya buɗe, sai na ji yana ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogo mai ciwo. Na cire na sake jonawa. Na canza wayar jonawa, na ari kwamfutar maƙwabci, duk ɗaya. Na fito na ce wa Baba wayar jonawar ce ta lalace, zan sayo wata. Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Bai sake tambaya ba, kuma wannan shirun ya fi tambaya zafi. Kwana goma ina wucewa ta gabansa kamar ɓarawo.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini shagon Oga Yohanna a Tunga, wani mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe yana gyaran kwamfuta a saman wani bene. Ya kara faifan a kunne, ya jona sau ɗaya, ya yi maza ya cire.

"Malam, sau nawa ka jona shi tun da ya fara wannan kuka?"

Na ce ya kai ashirin. Ya dafe kai.

Ya yi mini bayani a hankali. A ciki akwai wani faranti mai juyawa da 'yar allura mai karanta abin da ke kansa. Allurar ce ta lalace, kuma duk jonawar da na yi, karce farantin take yi. Sai ya nemo wani faifan iri ɗaya sak, ya cire allurarsa ya dasa wa nawa, sannan ya kwashe abin da zai kwasu kafin ita ma ta mutu.

"Ban yi maka alkawari ba," in ji shi. "Me ke ciki? Takardun ofis?"

Na ce muryar kakata ce, kuma ta rasu. Ya jawo wani tsumma mai tsabta ya naɗe faifan, ya sa a durowar da yake kullewa.

Sai da aka yi mako biyu ya kira ni. Na hau keke napep daga Maitumbi na nufi shagonsa. Ya ce fiye da rabi ya fito, amma sunaye da kwanan wata duk sun tafi, sai lambobi kawai, kuma wasu sun gutsure a inda allurar ta karce. Ya zuba mini su wuri biyu, ya ce kada in sake in ajiye su a gida ɗaya.

"Ka yi haƙuri, na saurari kaɗan don in tabbatar suna aiki," ya ce yana sosa ƙeya, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. "Kakanka ya iya labari fa. Matata ya kawo mini abinci ya zauna ya ƙi tafiya. Ya ce in tambaye ka yadda labarin kabewa ya ƙare, don bai kai ƙarshe ba."

Na faɗa masa a tsaye, ya ce zai kai saƙo.

Bayan la'asar na zauna kusa da Baba, na gaya masa gaskiyar abin da ya faru. Hannu kawai ya miƙo, na kunna wayata da na zuba muryoyin a ciki na ɗora masa. Abin da ya fara fitowa tartsatsin itace ne, da hon ɗin babur daga nesa, da tarin Iya. Sai muryarta ta tashi, ba tatsuniya ba, kira take yi.

"Tanko! Tanko, ka turo ƙofar nan, iska na kashe mini wuta."

Ita kaɗai ke kiran Baba da wannan suna. Kafin in ankara na ji ya ce, "Na'am, Iya," har ya yunƙura zai tashi. Sai ya koma ya zauna, ya sa gefen babbar rigarsa ya rufe fuska. Na kawar da kai na bar shi.

Muka saurari ta kabewa. Ladi ta jawo tulu, ta fasa yumɓu, Iya ta ce, "Sai ga gari, gari kawai, ko ƙwaya..." Nan muryar ta yanke. Na ce wa Baba ba komai, na san sauran, na shiga ba shi labarin Jummai da ƙwaryarta.

"Wa ya ce maka haka ta ƙare?"

Na ce Iya mana.

Ya girgiza kai. "Ba Jummai ce ta tafi ba. Ladi ce. Kunya ta hana ta barci, ta ɗauki ƙwarya ta haye kogi, tana bin gida gida tana cewa ni ce yayar Jummai, na yi wauta, ku taimake ni. Ita ta tara irin, ta kawo ta ajiye a gaban ƙanwarta, suka shuka tare."

Na ce ban taɓa jin wannan ba. Ya yi murmushi ya ce shi ma sau ɗaya ya ji. Yana saurayi a Kagara, ya yi wata biyu ba ya magana da ƙanensa saboda keke da ya hana shi hawa, har keken ya yi tsatsa a zaure. Iya ba ta yi masa faɗa ba. Ta bari ya zo cin tuwo ta ba yara tatsuniyar a gabansa. Washegari shi ya tura keken zuwa wurin ƙanen da kansa.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Ina yaro na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce ga marowaci, kuma ni ina gefen Jummai, muna kallon Ladi muna dariya. Ban taɓa tunanin zan girma in zama Ladi ba, da tuluna a durowa ina cewa ba bana ba. Ban kuma san Iya tana duban wanda ke gabanta ne ta yanka masa ƙarshen daidai da shi ba. Yaro mai riƙe masara ta nuna masa ladan kyauta. Babba wanda ya riga ya yi kuskure kuma ta nuna masa cewa akwai sauran hanya, in zai iya haɗiye kunya ya bi ta. Ni nawa rabon sai da ta rasu ya iso ni, ta bakin ɗanta.

A ranar na tura duk abin da aka ceto ga Goggo da ƙannena, ba tsari ba suna, haɗe da ban haƙuri. Sannan na dawo baranda na ce, "Baba, wannan ƙarshen naka ba ya cikin faifai. Ka yarda in ɗauka?"

Ya ce shi ba gwanin labari ba ne, muryarsa ma ba daɗi. Na dai ajiye wayar a kan gwiwarsa. Can sai ya gyara zama, ya daidaita hularsa kamar mai shirin ɗaukar hoto, ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina.

"To kira yaran gidan nan su zo su zauna," in ji shi. "Ba a yi wa waya tatsuniya ita kaɗai."