Baba Chuwang, Wanda Ya Zubar da Ruwan Tafki

Ƙarfe shida da rabi na safe, tun sanyin Jos bai saki yatsun mutum ba, Baba Chuwang yakan fito da kekensa daga gidansa na ƙauyen Du. Ya ɗaure doguwar gora mai raga a gefe, ya ɗora rabin buhun gishiri a baya, ya kama hanyar Rayfield. Da can yakan haye tudun da ke hanyar a kan keke. Yanzu sauka yake yi ya tura, ya tsaya sau biyu ya yi tari.

Gida bakwai yake zagawa, kowane da tafkin wanka na siminti a bayansa. Aikin ɗaya ne ko'ina. Zai kwashe ganye da kwaɗin da suka faɗa ciki, ya goge gansakukar da ta kama bango, ya shiga ɗan ɗakin famfo ya duba injin gishiri. Sannan ya durƙusa a bakin ruwan, ya tsoma yatsa ya kai bakinsa. Idan gishirin ya yi daidai, sai ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali ya wuce gida na gaba. Masu gidajen da yawa ba su san sunansa ba. Mai ruwa suke ce masa.

A ƙarshen watan nan na Satumba zai ajiye aiki, bayan shekara ashirin da uku. Ba za a yi masa taro ba. Shi ya sa ni, Hasiya Haladu, malamar firamare da ke zaune a Ali Kazaure, na ɗauki biro. Ina da dalilina, kuma ba dalilin alfahari ba ne.

Wankin kuza ya fara yi yana saurayi. Daga nan wani manajan kamfanin haƙar kuza ya ɗauke shi ya kula da tafkin gidansa. Shekara ashirin yana zuba hodar kulorin da hannu, wato maganin nan mai hawa kai da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa. Ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Hodar ta cinye masa fatar tafin hannu, ta jajanta masa ido, ta zauna masa a ƙirji. Manajoji huɗu suka zauna a gidan suka tafi, shi yana nan.

A 1976 na biyar ɗinsu, wani injiniya ɗan Ostireliya, ya zo da wani inji a akwati. Aikinsa mai sauƙin faɗa ne: a zuba gishiri a tafki, famfo ya ja ruwan ya bi ta tsakanin wasu farantan ƙarfe masu ɗauke da wutar lantarki, wutar ta fitar da kulorin daga gishirin. Babu sauran hoda. Dina, matar da ke dafa abinci a gidan, ta ce ran da aka kunna shi Baba Chuwang ya daɗe tsaye yana kallonsa, sannan ya dubi hannuwansa ya ce, "Ina ka tsaya duk shekarun nan?"

Ma'aikatan gidan sun ɗauka aikinsa ya ƙare. Ashe injin ma sai da mutum. Wani farin abu kamar alli yakan kama farantan, sai an ciro su an jiƙa a ruwan asid da aka sirka an wanke. Ruwan sama yakan salance tafkin, sai an ƙara gishiri. Da maganin gwajin ruwan da Baturen ya zo da shi ya ƙare, ba a samu wani ba a duk Jos, sai Baba Chuwang ya koma gwadawa da harshe. Ya ce ma'aunin ba wuya, ruwan ya yi ɗanɗanon hawaye, kada ya fi, kada ya gaza.

Kasuwar kuza ta faɗi, Baturen ya koma ƙasarsu, wani ɗan kwangila mai suna Alhaji Jika ya sayi gidan da tafkin da injin. Ya riƙe Baba Chuwang da Dina. 'Yarsa Kubra tana ajina, aji uku. A watan Yulin bara, da za mu yi hutun ƙarshen shekara, Alhaji ya aiko cewa in kawo ajin gaba ɗaya ranar Asabar su yi wasa a gefen tafkin da ba zurfi. Yara talatin da huɗu. Yawancinsu daga Dilimi da Ali Kazaure suke, ba su taɓa ganin irin wannan ruwa ba sai a hoton kalanda. Sati biyu ba su da wata hira. Iyaye suka ba tela ɗinkin gajerun wanduna. Ni ma, ban ɓoye ba, na yi sabon ɗinki.

Muka isa ƙarfe goma a motar da Alhaji ya aiko. Yara suka zuba da gudu zuwa bayan gida, sai suka yi cirko-cirko. Tafkin ba ruwa. Ɗan abin da ya rage a ƙasa bai kai idon sawu ba, shi ma yana ta zurarewa ta magudana. Wani tsoho, wanda daga baya na san shi ne Baba Chuwang, yana tsaye a gefe da wani ƙarfe a hannu, mariƙin da ake juyawa a buɗe magudanar. Alhaji yana kansa yana faɗa.

"Da izinin wa? Ina tambayarka, da izinin wa?"

"Oga, na faɗa maka ran Alhamis."

"Ni kuma na ce maka na duba da idona, ruwa garau! Gidanka ne?"

Kubra ta fashe da kuka, sauran suka kama. Ni kuwa raina ya ɓaci, na matsa kusa da mutumin da a haife ya haife ni na ce, "Baba, wannan wane irin baƙin ciki ne? Don 'ya'yan talakawa ne za su shiga? Da 'ya'yan Turawa ne za ka yi haka? Ka ji kunya, wallahi." A gaban yaran na faɗa, da ƙarfi.

Ya dube ni. Hausarsa irin ta mutanen dutse ce, mace da namiji duk "ka" yake ce musu. Ya ce, "Malama, ka yi haƙuri."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Alhaji ya sallame shi a nan take. Ya ajiye ƙarfen a bakin tafkin, ya kwance kekensa ya fita. Yara suka ci shinkafa suka sha lemo ba walwala, muka dawo. Duk wanda ya tambaye ni a unguwa, na ce masa wani mugun tsoho ne ya ɓata mana rana.

Bayan sati uku na haɗu da Dina a kasuwar Taminus, wajen masu tumatir. Na gaishe ta, ta amsa da ƙyar. Na juya zan tafi sai ta ce, "Malama, kin je duba shi?"

"Wa?"

"Wanda kika zaga. Yana asibiti, yau kwana goma sha ɗaya."

A nan tsaye ta ba ni labarin. Ran Lahadin da ta gabaci zuwanmu tsawa ta faɗa wa taransifomar layin, wuta ta ɗauke, injin gishiri ya tsaya. Ran Laraba da rana aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ramin salgar ɗakunan ma'aikata, wanda ke sama da tafkin, ya cika ya tumbatsa, ya gangaro ta cikin ciyawa ya shiga ta kusurwa. Baba Chuwang kaɗai ya gani. Kafin Alhamis laka ta kwanta, ruwan ya washe kamar ba a yi komai ba. Ya faɗa wa Alhaji, Alhaji ya leƙa ya ce ba ya son tsegumi. Ran Juma'a ya hau keke har cikin gari neman hodar da ya rabu da ita shekara biyu, ya bi shago-shago bai samu ko gwangwani ɗaya ba. Da ya dawo sai ya yi shakkar kansa, ko idonsa ne ya ruɗe shi. Ya ɗebi ruwan a tafin hannu daga kusurwar nan, ya kurɓa. Asabar da sassafe ya buɗe magudana.

Na ce, "To me ya hana shi faɗa mini a wurin?"

Dina ta ce, "Ya ce wa baƙi salga ta shiga tafkin maigidansa? A gaban 'yarsa da ƙawayenta? Ba ki san shi ba."

Ta ƙara da cewa bayan kwana biyar mai gyaran famfo ya tona ya tarar bangon ramin ya tsage. Alhaji ya sa aka gyara, bai sake tayar da maganar ba.

Washegari na tafi asibitin. Zazzaɓin taifot ne. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. 'Yarsa Firisila, wadda nas ce, tana zaune gefensa tana ba shi kunu da cokali. Na durƙusa na gaishe shi, na fara jero abin da na shirya a hanya, sai ya ɗaga hannu.

"Malama, yaran nawa ne?"

"Talatin da huɗu, Baba."

"Ba wanda ya kwanta?"

"Ko ɗaya."

"To," in ji shi. Ya rufe ido. Firisila ta yi mini alama da kai cewa ya gaji, na fito. Ban samu na nemi gafarar ba.

Ba zan ce muku an mayar da shi aiki ba, don ba a mayar ba. Alhaji ya ɗauki wani, wanda bai san ana wanke farantan ba. Cikin wata uku injin ya toshe, ruwa ya koma kore. Aka aiko direba Du ya tambayi yadda ake yi. Firisila ta ce ta tsaya a ƙofa tana shirin korar direban, sai ta ga babanta yana laluben hularsa. "Baba, ina za ka?" Ya ce, "Kubra yana shiga ruwan nan." Ya je, ya wuni yana koya wa wanda ya gaje shi, ya dawo da yamma ya kwanta bai ci abinci ba.

Daga nan ne wani mai suna Okey, mai gyaran lantarki da ya haɗa irin wannan inji a wasu gidajen, ya riƙa kai shi wurin masu tafki. Okey ya gaya mini cewa shi wayar lantarki ya sani, ruwa kuwa sai Baba. Haka ya zama mai gida bakwai a shekarun da ya kamata a ce yana zaune a inuwa. Wata goma sha ɗaya yana wannan zagaye da ƙirjin da hoda ta riga ta cinye da jikin da taifot ya raunana. Likita ya hana shi ɗanɗana ruwan tafki. Ya ce to. Na tambayi Okey ko ya daina, ya kawar da kai.

Na taɓa tambayarsa ko ya iya iyo. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Shekara ashirin da uku, bai taɓa shiga tafki yana da ruwa ba. Sai an zubar yake sauka ciki da tsintsiya.

Baba Chuwang, kai ne mai gadin da ba ya riƙe sanda. Kai ne ka tsaya tsakanin 'ya'yanmu da ciwon da ya kusa kai ka kabari, ka kuma rufa asirin gidan da ya kore ka. Ka san abin da buɗe magudanar nan zai jawo maka, ka yi shekara ashirin da biyu a gidan, ba yaro ba ne kai. Ka buɗe. Na zo na ƙara maka da nawa bakin, ka ce in yi haƙuri. Ni ce aka ce in yi haƙuri.

Na gaji da ganin irinku suna ƙarewa haka. Mutum ya ba aiki hannunsa da idonsa da ƙirjinsa, ran da ya kasa a ce wani ya zo, ba wanda zai tambayi ina ya shiga. Ban da ikon gyara wannan. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ku masu gidajen nan bakwai, ku koyi sunansa kafin wata ya ƙare, ku aika mota Du a kai shi asibiti duk ranar da likita ya sa masa. Ku samo maganin gwajin ruwa ko daga ina ne, kada wani ya sake auna muku tafki da harshensa. Mu kuma sauran, masu aikin da ba a gani, ran da muka san abu ba daidai ba ne alhali kowa yana cewa lafiya lau, Allah ya ba mu rabin zuciyar wannan tsoho. Kuma idan muka ga dattijo ya yi abin da ba mu gane ba, mu tambaya kafin mu buɗe baki.

A gaban yara na ci mutuncinka, Baba, don haka ba a ɗakin asibiti ya kamata in nemi gafara ba. Ran Litinin da ta wuce na roƙi malamin aji biyar, ajin da suke yanzu, ya ba ni minti goma, na tsaya gaban yaran nan na gaya musu komai, har da abin da malamarsu ta yi. Kubra ce ta fara ɗaga hannu ta ce, "Malama, ina ne gidansa?"

Ranar Asabar muna zuwa Du, mu talatin da biyar. Firisila ta ce tun da ka ji kake neman aron benci a coci, kana cewa a share tsakar gida. Ka bari. Mun gode, Baba Chuwang, Allah ya ba ka lafiya, ya ba ka hutu. Idan ka ji motarmu ta tsaya, kada ka tashi tarbarmu. Ka zauna inda kake, mu ne za mu durƙusa.