Mu Biyar Ne, Ina Aka Samo Ashirin Da Huɗu?

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Idi, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare da ke kan hanyar Rogo. Ni ba marubuci ba ne. Facin taya nake yi a bakin tasha a Karaye, karatuna kuwa a aji huɗu na firamare ya tsaya. Amma akwai maganar da ta daɗe tana damuna, gara in faɗe ta da bakina kafin wani ya faɗa a bayan idona.

Yaya mutum ne mai sanyi har ya yi yawa. Kullum da safe zai biyo ta wajena in ƙara masa iska a babur, aljihunsa cike da gyaɗa. Da ita yake koya wa yara kaso: rabi, sulusi, ɗaya bisa shida, ɗaya bisa takwas. Ya kasa a kan tebur, su ƙirga, in an tashi su cinye. Sau nawa ya ce in zauna ya nuna mini, ni kuwa in ce masa taya ba ta san ɗaya bisa uku ba, ko ta fashe ko ba ta fashe ba. Sai ya yi dariya ya tada babur.

Da ya rasu bai bar komai ba sai gonar nan ta Kurugu. Magada mu biyar ne: mahaifiyarmu Inna, matarsa Hajara, 'ya'yansa mata biyu, sai ni. Bayan takaba aka kira malamin da ke rabon gado, ya zo da igiyar awo, ya ce za a kasa gonar gida ashirin da huɗu. Sha shida na yara, huɗu na Inna, uku na Hajara, ɗaya nawa.

Nan na tashi. Na ce mu biyar ne, ina aka samo ashirin da huɗu? Su wa aka ɓoye a cikin lissafin? Malamin ya fara bayani da sumuni da sudusi, wato ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa shida, ban tsaya na ji ba. A gaban mutane na ce dangin Hajara ne suka kewaya suka gan shi. Hajara tana zaune a gefe, mayafi kawai ta ja ta rufe fuska. Aka raba gona ba da ni ba. Nawa kason, 'yar siririyar ƙasa a gefen gabas, na bar ta shekara shida ba fartanya. Duk mai wucewa yana ganin ciyawa a gefen shuka, ya san abin da take nufi. Ƙofar Hajara kuwa ban sake taka ta ba, ko da salla.

In na yi tunanin me Yaya zai ce da zamanin nan, na san abin da zai fara ba shi haushi. Yanzu yaro ya danna waya ta ba shi amsa, ka tambaye shi ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa shida wanne ya fi, ya ce takwas, don ta fi girma a ido. Ina jin su a tasha. Da sai in yi musu dariya. Yanzu ba na yi, don tsoho da furfura ya yi abin da ya fi wannan muni. Ina jin da ya dawo, ba waya zai fara yi wa faɗa ba. Ni zai nema.

Daminar bara Inna ta kwanta ciwo, na je duba ta da la'asar. Na tarar da Bilkisu, babbar 'yar Yaya, wadda yanzu take aji biyu na sakandare, tana aikin makaranta a tsakar gida. Ta gaishe ni a ɗarare, kamar baƙo. Idona ya faɗa kan littafinta, na ga shida da takwas, kowanne da ɗaya a bisa kansa. Na ce mene ne wannan? Ta ce haɗa su aka ce a yi.

"To haɗa mana, sha huɗu."

"A'a Baffa, ba a haka. Sai ka fara nemo ashirin da huɗu."

Sai na zauna a kan turmi.

Ta ɗebo gyaɗa daga kwaryar Inna, ta ba ni biyar, ta ce in kasa takwas. Ba ta kasu ba. Ta ba ni sha biyu, ta kasu uku, ta kasu shida, ta ƙi takwas. Ta cika ashirin da huɗu. Na kasa uku, daidai. Na kasa shida, huɗu-huɗu. Na kasa takwas, uku-uku, ba ragi ba ƙari. Na cire sulusi biyu na yara, da na Inna, da na Hajara, sai ga ƙwaya ɗaya a tafin hannuna. Ashe ba mutane malamin ya ƙirga ba. Mudun da zai auna haƙƙin kowa ya nemo. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Na tambaye ta wa ya koya mata haka, ta ce malamarsu ce, ita ma ɗalibar Yaya ce, ta ce da gyaɗa ya koya musu.

Kwana uku ina juya abin. Girman kai rawanin tsiya ne, cire shi kuma a gaban mace da ka zalunta ba wasa ba ne. A rana ta huɗu na yi sallama a ƙofar Hajara. Na ce na zo neman gafara, kuma kasona na bar wa yara, ko na rage kunya. Sai ta ce:

"Baffan yara, riƙe abinka, Allah ne ya ba ka. Mu ba ƙasa muka rasa ba. Shekara shida yaran nan in an ce su kawo uba a makaranta, maƙwabci nake roƙo."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Yaya bai bar gini ba, bai bar suna a jikin allon kowace makaranta ba. Abin da ya bari shi ne wata malama da ta iya nuna wa yaro dalilin amsa, ita kuma ta nuna wa 'yarsa, 'yar ta nuna wa ƙaninsa mai taurin kai. Ilimin da na ƙi karɓa daga hannunsa yana raye, sai da ya zaga ta hannu biyu ya iso gare ni, bayan na yi ɓarna. Shekarun nan shida ba za su dawo ba, ban kuma san nawa ne daga cikinsu yaran suka yafe a zuci ba.

Bana na yi huɗa a kasona, na shuka dawa. Zangon da ya wuce aka kira iyaye a makarantar su Bilkisu. Na rufe wajen faci, na wanke hannu da kalanzir, na je. Da aka tambayi wa ya zo mata, ta waiwayo ta nuna ni.

Allah ya jiƙan Malam Idi, ya haskaka kabarinsa.