Tsamiya a Tukunyar Nasara

Shekarun baya, lokacin da Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba, saura ƙiris in kashe auren ƙanwata tun ba a ɗaura shi ba. Ba da mugunta ba, wallahi. Son ganin ƙwaƙwaf ne kawai, halin da mahaifiyata ta ce da shi aka haife ni.

Da kaka aka sa bikin, lokacin da gero ya shigo gida, nono ya wadata. Mun gama shirinmu tsaf: fura da nono, tuwo da taushen kabewa, sabuwar gyaɗa. Ana saura kwana tara sojojin Nasara suka shigo garinmu Matameye suka kwashi samari aikin hanya, har da angon da yayana. Ba su dawo ba sai da bazara. A tsakanin nan ne aka fara raɗa cewa ƙanwata farar ƙafa gare ta, daga sa rana an kama miji. Ba wanda ya faɗa a gabanmu, amma in ta isa bakin rijiya sai hira ta mutu.

Da aka sake sa rana, mahaifiyata ta zauna tana duba abin da bazara ta bar mana. Shanu sun yi kudu, nono sai labari. Kabewa ta ƙare. Akwai kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, miya dai ba za ta gagara ba. Ga garin ɗorawa sabon fitowa, ga tsamiya buhu guda. Baƙi kuwa za su zo daga Yauri da Dungu da Tsauni, gidanmu ba zai ɗauke su ba, sai aka kafa rumfunan zana a fili, ƙarƙashin gawon nan da ke ba da inuwa lokacin da sauran itatuwa suka zubar da ganye.

"Bikin bazara ba tuwo ke fid da mutum kunya ba," in ji mahaifiyata. "Abin sha ne. Wanda ya tako rana daga Dungu, kunun tsamiya zai fara nema."

To, yayana ya dawo da wata tukunyar ƙarfe da sojoji suka yar don hannunta ɗaya ya karye. Mutum biyu ke ɗaukarta. Ni tun da nake ban taɓa ganin tukunyar da za ta faɗi ba ta fashe ba. Kullum ina zagayenta, in ƙwanƙwasa, in leƙa. Na goge tsatsar cikinta da yashi da toka, na ce a ciki zan jiƙa tsamiyar biki.

Mahaifiyata ta ce, "Randa ta san tsamiya, tsamiya ta san randa. Wannan baƙuwar ba mu san halinta ba."

Na ce, "Haba Inna, cikin randa uku fa take ci."

Aiki ya sha mata kai, ta ce, "Ke kika sani."

Ana gobe ɗaurin aure, da hantsi, na juye tsamiyar kaf a ciki na rufe da tabarma. Da la'asar na ɗaga, sai na ga ruwan ya sauya, ya yi duhu kamar ruwan toka. A nan ne mai hankali za ta ruga ta kira uwarta. Ni kuwa, uwar iyayi, cewa na yi a raina: shin nan zai tsaya, ko gaba zai yi? Na mai da tabarma na yi shiru.

Da safe gwaggon ango ta iso da matansu don taya mu damun kunu. Ita ta yaye tabarmar da hannunta. Baƙi ƙirin! Ta ja da baya tana salati.

"Me muka yi muku da za ku shayar da mu wannan? Dama an faɗa mana, muka ƙi ji! Yarinyar da ruwa ma ke baƙi ranar aurenta?" Ta juya wajen matansu. "Ku gaya wa maza su ɗaura wa jakuna kaya."

Ƙanwata na ɗaki cikin lalle, tana jin komai, ko tari ba ta yi ba. Wannan shirun nata ya fi zagin gwaggon yi mini ciwo. Na san in aka ɗage auren nan karo na biyu, sunan nan ya bi ta ke nan har kabari.

Hayaniya ta jawo maza daga rumfa. Na durƙusa gaban mahaifin ango, wani dattijon baduku marar yawan magana, wanda rabin takalman garinmu aikin hannunsa ne.

Na ce, "Baba, ba ita ba ce, ni ce. Tun jiya na ga yana duhu na ƙi faɗa."

Ya ce, "Don me kika ƙi faɗa, 'yata?"

"Ina so in ga inda zai tsaya."

Ya sunkuya ya sansana ruwan, ya ƙwanƙwasa tukunyar. Sai ya zaro wani guntun fata daga aljihu, ya tsoma yatsa ya shafa. Muna kallo fatar ta koma baƙa wuluk. Dattijon nan ya tuntsire da dariya har rawaninsa ya karkace.

"Wane sammu? Kuloko ne! Baƙin rinin da muke yi wa fata. Tsami ne ya ci ƙarfe. Ni sai in jiƙa kashin maƙera, tarkacen ƙarfen nan da suke zubarwa, in yi mako ina jira, ga yarinya ta yi mini shi kwana ɗaya, cikin tukunya guda!" Ya dubi ƙanwarsa. "Ke kuma, a gidan dukawa aka haife ki, warinsa ma ba ki gane ba?"

Gwaggo ta gyara mayafi ta ce mura take yi.

Saura abin sha, ga rana ta fara dukan rumfa. Ashe mahaifiyata tun da asuba ta cika randuna huɗu da ruwa ta ajiye a inuwa, ba ta gaya wa kowa ba. Aka dama garin ɗorawa, rawaya shar, mai sanyi. Mutanen Tsauni har ƙari suka nema. Aka shafa fatiha kafin azahar, tukunya kuma da abin da ke cikinta dangin ango suka ɗauke ta a kan jaki.

Har yau ban daina leƙe-leƙe ba, mai hali ba ya fasa halinsa. Abin da na daina shi ne yin shiru da abin da na gani in na wani ne zai ƙone. Duk sanda na tuna shirun ƙanwata a ɗakin nan, kunya nake ji kamar jiya aka yi.

Bayan bikin da mako biyu na je ganin ɗakinta, ina ta shirya kalmomin ban haƙuri a hanya. Na tarar da ita zaune da sabon takalmi baƙi wuluk, ɗinkin surukinta. Kafin in buɗe baki ta miƙo mini ƙafafunta biyu.

Ta ce, "Yaya, an ce farar ƙafa gare ni. To ga shi kin rina mini ita."