Famfon da ɗana bai gyara ba

Irin albasarmu ya bushe a fangali, 'yan filayen da muke ba ruwa, muna jiran ɗana ya zo ya gyara famfo. Ba nawa kaɗai ba, har na mutanen da muke noman rani tare a bakin gulbi, kusa da Taloka.

Famfon na sola ne, haɗa hannu munka yi munka saya. Wata safiya ya ƙi tashi. Anka buɗe akwatin da wayoyi ke shiga, ba wanda ya gane komai. Babbanmu ya ce a aika Sakkwato a ɗauko mai gyara. Ni na hana. Na ce ɗana injiniyan lantarki ne, yana tafe hutu, a bar abin a wuyana. A wurinmu in dattijo ya ce abu na wuyansa, ba a sake tada maganar. Tambayarsa ma cin fuska ce. Sunka koma jidar ruwa da bokiti, ganye na komawa rawaya.

Ban yi boko ba. Ruwa ya taɓa cinye mani gida, ɓarayi sun kore mani shanu, duk ban cire yaron daga makaranta ba. Na san lantarki yake karantawa. Ban taɓa tambayarsa wane iri ba.

Ranar da ya iso ko abinci ban bari ya ci ba, na goya shi a babur sai gulbi. Mutane sun taru. Ya tsuguna gaban akwatin, ya daɗe yana dubawa, bai taɓa komai ba. Sannan ya matso ya ce mani ƙasa-ƙasa wannan ba fanninsa ba ne, in ya sa hannu yana iya ƙona abin gaba ɗaya, gara a kira mai gyara. Wani taubashina da ke tsaye bayanmu ya ji.

"To shi mi yaka gyarawa, Malam, in ba wuta ba?"

Yara sunka fara dariya, babbanmu ya harare su. Na tada babur munka tafi.

Da munka koma gida ya buɗe kwamfutarsa a zaure, ya ce in zauna in gani. Zane-zane ne masu hawa da sauka. Ya ce cikin wayar hannu akwai wasu ƙananan abubuwa, transista, da ido ba ya gani, kamar ƙofofi. A irin waɗanda yake aiki a kansu, ƙofa ce ke miƙa wa ƙofa wuta. Duk wadda wutar ta ratsa sai ƙarfinta ya ragu, ta ƙara jinkiri. In saƙo ya isa a makare, na'ura ta ba da amsar banza. Aikinsa ya lissafa jinkirin tun kafin a ƙera abin.

"Kamar ruwanku na, Baba," in ji shi. "Mai fangalin ƙarshe shi ka samu a makare."

Wannan na gane. Na tambaye shi tsawon jinkirin. Ya ce ƙiftawar ido ma ta fi shi nesa ba kusa ba. Na ce shekarun nan duka a kan wannan anka yi su? Ya ce i. Ya rufe kwamfutar.

Mai gyara ya zo daga Sakkwato, kafin la'asar ruwa na gudu. Amma iri ya riga ya tafi. A shekarar dashe ya makara, albasar ta fito ƙanana. Ba wanda ya ce mani uffan. Sunka ci gaba da gaishe ni yadda sunka saba, har matsa mani suke a tabarma. Da zagina sunka yi da ya fi mani sauƙi. Hanyar gulbi ta riƙa yi mani nauyi, in na hango su sai in karkata in bi ta bayan gonaki.

Ban ce yaron bai san aikinsa ba. An ce can inda yake ana ji da shi. Yana kirana ranar Juma'a, mu yi maganar damina da lafiyar uwarsa.

Fangalina na bar wa ƙanena. Yanzu ina Boyekai, a tudu, ina noman gero da wake, da 'yan awaki.