Goron Sunan da Na Ɓoye

Shekarun baya can, lokacin da wayar hannu sai wane da wane, na yi aiki a wani ɗan asibitin haihuwa a Dukawuya, ba nisa da Ƙofar Kabuga. Mu biyu ne masu karɓar haihuwa a wurin, ni da ƙawata. Dukkanmu Hausawa ne Kiristoci, rafi ne kawai ya raba ƙauyenmu da nasu. Ɗaki ɗaya muka kama haya a Sabon Gari, coci ɗaya muke zuwa, da safe kuma mu shigo cikin birni a mota ɗaya. Na girme ta da shekara huɗu, saboda haka Yaya take ce mini. Matan unguwa kuwa suna kirana babbar Sista, ita kuma ƙaramar Sista.

Bari in fara yabon kaina, tunda abin da ke tafe ba na yabo ba ne. Na iya aiki. In na ɗora hannu a kan ciki, na san yadda ɗa ya kwanta. Amma bakina ba shi da linzami. Mace ta zo ba sabulu ba reza ba tsumma, sai na wanke ta tas da faɗa kafin in taɓa ta. Ƙawata kuwa sai ta buɗe jakarta ta ciro nata sabulun ta ba ta. Ita ke wanke zanin da jini ya ɓata in mai jego ba ta da kowa. In an tashi aiki ba ta nufar tasha, sai ta bi lungu-lungu tana duba cibiyar jarirai, ni kuma ina bakin titi ina jiranta ina ta tsaki.

To, sai ka ga mace ta shigo tana dafe da ƙugu, ta gan ni zaune cikin farin kaya, ta leƙa bayana ta ce, "Sannu da aiki, Sista. Ƙaramar ba ta nan ne?" Abin nan yana cina, ba zan ɓoye muku ba. Ga shi a coci ni ce shugabar zumuntar mata, ni ke tsayawa duk Talata ina yi wa mata bayani a kan ƙauna da tawali'u har su riƙa gyaɗa kai. Ita kuwa tana can baya tana jera benci.

Akwai wata dattijuwa a unguwar, Hajiya muke ce mata, irin waɗanda in suka ce wance ta yi, to ta yi a wajen duk matan layin. Matar ɗanta ta haihu sau uku, duka ba rai. Da ta samu ciki na huɗu, ƙawata ta mai da gidan hanyarta. Kullum sai ta shiga ta auna mata jini, ta matsa mata ƙafafun da suka kumbura, ta zauna ta saurari tsoronta. Wata shida tana haka.

Ranar haihuwa da hantsi aka kawo ta, kuma ɗan ya taho ta ƙafa. Nan ne aka san wace ce babbar Sista. Ni na yi ta fama har gumi ya jiƙa mini riga, ni na fito da yarinya, ni na yi ta murza bayanta har ta tsala kuka. Ƙawata tana wajen kan uwar, tana riƙe da hannunta tana shafe mata goshi. Washegari ta tafi ƙauye hutun da ta daɗe da nema don ta duba mahaifiyarta, ta ce wa Hajiya in ta dawo za ta zo barka.

Ana jibi suna, Hajiya ta zo asibiti da kanta. Ta ja ni gefe ta miƙo mini ƙullin farin goro da alewa.

"'Yar nan, saƙo zan ba ki," in ji ta. "Ɗana ya ce sunan ƙanwarki za a raɗa wa yarinyar. Malam ya ce suna ne mai kyau, mu ma muna sa shi. Akwai masu gunaguni a dangi, wai don me za a yi wa wadda ba ta salla takwara, na ce da su ni na ga abin da na gani. Ki aika mata goron nan, ki ce lallai ta zo. A hannunta nake so a fara sa jikata in an raɗa suna."

Na washe baki na ce, "Kai, Hajiya, an gode, Allah ya raya. Yau ɗin nan zan ba direban garinmu."

Tana juya baya na ji kamar an zuba mini barkono a ƙirji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni ma fa sunana yana cikin irin waɗanda kowane ɓangare ke sawa, me ya hana shi? Wa ya fito da yarinyar nan da rai, mai shafa goshi? Da yamma na je tasha, na hangi direban yana lodi, tafiyar awa biyu ce kacal. Na tsaya na tsaya, sai na wuce na sayi tumatir na tafi gida. Goron na tura shi ƙasan akwatina.

Ranar suna na ci ado na je. Gida cike da mata, ana ta fitar da waina da kunun kanwa. Hajiya ta shimfiɗa sabuwar darduma kusa da mai jego, ta hana kowa zama a kai. Duk wadda ta yi sallama daga zaure sai ta ɗaga kai. Da la'asar ta yi ta kira ni.

"Ina ƙanwar taki?"

"Na aika, Hajiya. Direba ya ce hannu da hannu ya ba ta."

Shugabar zumuntar mata ke nan, ko ƙifta ido ban yi ba. Na ji wata tsohuwa daga cikin dangi ta ce, "Ai mun faɗa miki." Hajiya ta tashi da kanta ta naɗe dardumar.

Ranar Litinin ƙawata ta dawo da gyaɗa da ƙullin daddawa, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Da aka tashi aiki ta ja ni gidan barka. Hajiya ta amsa gaisuwarta da ƙyar, sannan ta ce, "Takwararki ce ga ta nan a ɗaki. Na tsaya miki a gaban dangina, na aika miki goro aka ba ki hannu da hannu, kika ci kika zauna abinki. Kin nuna mana matsayinmu, mun gode."

Ƙawata ta juyo ta dube ni. Sau ɗaya tak. Na tsaya ina jira ta ce wane goro. Sai kawai ta durƙusa ta ce, "Hajiya, an ɓata miki, kuma kina da gaskiya ki ji zafi. Ki yi haƙuri." Ba a fito mata da jaririyar ba.

A gida ta zuba mini tuwo kamar kullum, sannan ta ce, "Yaya, akwai abin da kike so ki gaya mini?"

"Kamar me fa?"

"To, shi ke nan."

Ku yarda da ni, da ta zage ni da na fi jin daɗi. Na shirya wa faɗa tsaf, har na tanadi abin da zan ce: ke kin fi kowa iya neman suna, ke kin mai da kanki waliyyiya. Ta hana ni wurin ajiye su. Sai hassadar tawa ta samu sabon abinci. Da ina jin haushin ana sonta, yanzu kuma ina jin haushin ta iya abin da ni kawai na iya faɗa a coci.

Magana ta zaga unguwa, kuma matan suka bi Hajiya. Masu neman ƙaramar Sista suka koma neman babba. Na samu abin da nake so, amma ko kaɗan bai yi mini daɗi ba. Ita kuwa ba ta fasa ba, kullum sai ta tsaya a zauren Hajiya ta yi sallama ta gaishe ta, a amsa mata ciki-ciki. Ta ɗinka wa takwararta 'yan riguna biyu ta kai, washegari aka dawo da su asibiti a ledarsu. Wata uku muka yi a haka. Sau biyu ana Jibin Ubangiji a coci, wato ranar da ake zuwa gaban teburi a karɓi gurasar tarayya, na ƙi zuwa gaba, na ce cikina ne ke ciwo, don na san abin da aka koya mana tun muna yara a kan mai zuwa teburin alhali yana da ƙulli da ɗan'uwansa.

Wata safiya na makara, motar da na shiga ta lalace a hanya, ita kuma ta riga ni fita. Na tarar da wata mai naƙuda tana murƙususu a kan benci, ta ce ita ƙaramar ba za ta taɓa ta ba, sai babba ta zo. Allah ya kiyaye, na karɓi ɗan lafiya, amma saura ƙiris. Da yamma ƙawata ta ce mini ta daɗe da rubuta takardar neman canjin wurin aiki, za ta koma asibitin kusa da ƙauyensu.

"In mace ba ta yarda da hannunki ba, zamanki haɗari ne gare ta," in ji ta.

Nan bakin nawa ya ɓalle. Na ce, "To ke wace irin mutum ce? Kin san ni ce. Me ya hana ki faɗa musu?"

Ta ce, "Ba maganata ba ce, Yaya, taki ce. In na faɗa, ke za su rufe wa ƙofa, kuma ranar da ɗa ya taho ta ƙafa hannunki suke bukata, ba nawa ba. Kada kuma ki ɗauka ban ji zafi ba. Sati biyu na yi in na durƙusa zan yi miki addu'a sai bakina ya ƙi. Da ƙyar na iya."

Ban ci tuwon ranar ba. Washegari kafin in shiga asibiti na wuce gidan Hajiya, na kwance ƙullin goron a gabanta. Ya bushe ya yi baƙi. Na faɗa mata komai, har da tsayuwata a tasha. Ta ja carbinta ba tare da ta dube ni ba.

"Wannan ba a addininku ba, ba a namu ba," in ji ta. "Wata uku yarinyar nan tana durƙusa mini ina kallon bango. Ke kika yi laifi, ni kika ɗora wa alhakinta. Tashi ki ba ni wuri."

Da hantsi, asibiti cike da masu awo, sai ga Hajiya da mayafinta, matar ɗanta na biye da goyo. A gaban kowa ta kwance yarinyar ta sa a hannun ƙawata, ta ce, "'Yata, ni ce zan ce ki yafe mini." Ƙawata ta rungume takwararta tana ta kuka. Ni ina bakin ƙofa da faranti na allura a hannu, ba wanda ya dubi inda nake.

Amma takardar canji ta riga ta fito. Hajiya ta so ta tura manya su roƙa, ƙawata ta ce mahaifiyarta ma ta tsufa, gara ta je. Ƙarshen wata na raka ta tasha, wurin wannan direban dai. Ta shiga mota, sai ta miƙo mini leda ta taga, rigunan nan biyu ne da aka dawo da su.

"Yaya, ki kai wa takwarata kafin su yi mata kaɗan."

Na ce, "Ni? Ki ba wani mana."

Ta ce, "Ke nake so ki kai."

Ban koma gida ba sai da na kai su. Hajiya ta karɓa ta juya su, ta dube ni ta ƙasan ido ta ce, "Wannan karon ya iso."

Na ƙara shekara tara a asibitin. Unguwa ta zama tawa ni kaɗai kamar yadda na so, ɗaki ma ni kaɗai, in ci tuwo ni kaɗai. Na sauka daga shugabancin zumunta na wani lokaci, na koyi sa sabulu a jaka, bakin ma ya ɗan yi sauƙi, ko da yake masu aiki da ni za su ce da sauransa. A duk shekarun nan, duk abin da za ta aiko wa yarinyar, kayan Salla ne ko man gyaɗa, ta hannuna yake bi, alhali direban ya san gidan Hajiya sarai.

Abin da na gane shi ne ni irin son da matan nan ke yi wa ƙawata nake nema, amma ban da aikinta. So nake a ba ni ladan ba tare da na bi lungunan ba. Kuma ba zan yi muku ƙarya in ce hassadar ta mutu ba. Yarinyar ta girma, har yau in na ji an kira ta da sunan nan sai wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji. Bambancin kawai, yanzu in ya soke ni sai in ɗauki waya in kira ƙawata, mai asalin sunan, in gaya mata. Sai ta yi dariya ta ce, "Yaya, har yanzu?" In ce mata har yanzu, ki ci gaba da yi mini addu'a.