Kawu, Mai Nuna wa Kwamfutoci Hanya

Kafin masu shara su gama goge barandar asibitinmu, Kawu ya riga ya shige ɗakin na'urori da ke ƙarƙashin bene, sanye da rigar sanyi ko da gari na tafasa. Yakan taɓa bayan kowace na'ura da tafin hannu kamar uwa mai duba zazzaɓi, sannan ya zauna ya sha shayinsa. Ba ma tunawa da shi sai kwamfuta ta ƙi aiki. Wannan watan zai yi ritaya, ni kuwa da nake sashen ajiyar jini ba zan bari ya sulale shiru ba.

Kawu yana da wata doka da ta sa muke ce masa mai taurin kai. Bayanan marasa lafiya duka suna cikin babbar na'ura ɗaya da muke kira rumbu, amma ya hana a rubuta adireshin rumbun a cikin kwamfutar kowa. Sai ya ware wata 'yar na'ura mai riƙe da kundin adireshi. Kowace kwamfuta sai ta fara tambayar kundin ina rumbu yake, ta wace ƙofa ake shiga, kafin ta isa gare shi.

Mai ba da magani ya taɓa tsokanarsa: "Kawu, gidan da kowa ya sani, kullum sai an tambayi hanyarsa?"

Ya ce, "To in mai gidan ya tashi fa?"

Wata rana da hantsi bututun ruwa ya fashe a saman ɗakin na'urorin, ya jiƙa rumbu sharkaf. Ana cikin haka aka aiko daga ɗakin haihuwa: wata mata tana zubar da jini. Mijinta ya tsaya a tagata yana cewa an taɓa ƙara mata jini a nan jikinta ya ƙi, kuma an ajiye bayanin irin wanda take karɓa. Na danna sunanta, babu komai. Sabon gwaji zai ci lokacin da ba ta da shi. Hankalina ya tashi, na buga wa Kawu waya.

Ya ce, "Kwantar da hankalinki, 'yata. Akwai kwafin rumbun a wani ɗaki, na kunna shi. Layi ɗaya zan canza a kundi. Rufe ki sake buɗewa."

Na rufe, na buɗe. Sai ga sunanta, ga irin jininta. Na miƙa ledar jinin ga ma'aikaciyar jinya, sannan na zube a kujera. Da a ce adireshin yana cikin kowace kwamfuta, da sai Kawu ya bi bene-bene yana gyarawa ɗaya bayan ɗaya, da gwiwoyin nan nasa masu ciwo.

Kawu, kai ne ka shanye tsiyarmu shekara da shekaru ba ka sassauta ba. Mun gode, Kawu, Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu cikin lafiya. Ku kuma da za ku gaji kujerarsa, kar ku ce dokar ɓata lokaci ce. Ku zo tagata ku tambaye ni. Matar ta koma gida da ƙafarta, goye da 'yarta.