Kwandon Sharar Yaya Huwaila

Wata rana, a Tudun Wadan Zariya, wata malamar firamare ta nannaɗe laftof ɗinta a cikin sallaya ta kai wa ƙanenta.

Sunanta Huwaila. Sunan ƙanen Jazuli.

Kun san irin su Jazuli. Kowane gida da nasa. Shi ne wanda ake kira in waya ta ƙi kamawa, shi ne wanda in ya karɓi na'urarka sai ya fara girgiza kai tun bai kunna ba, kamar ka kawo masa mara lafiyar da aka daɗe ana ɓoyewa a gida.

Kuma gaskiya ya iya. Ba zan ci haƙƙinsa ba.

Yana cikin wani guruf na masoya kwamfuta, har ma shi ne ɗaya daga cikin shugabanni. Can ake musun wane ram, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya fi, wace manhaja ce ke cin batir, wane kamfani ne ya fara lalacewa. Mutum zai bar tuwonsa ya huce yana kare wata na'urar da bai taɓa riƙewa ba.

Yaya Huwaila ta ce masa laftof ɗin ta yi nauyi. Ga jarrabawa ta matso, tana son buga tambayoyin 'yan ajinta, kullum sai ta fito mata da jan rubutu wai wuri ya cika.

Ta ce za ta leƙa gidan Inna, mahaifiyarsu, in ta idar da la'asar ta dawo ta karɓa.

Ya ce ta tafi kawai, ai ƙaramin aiki ne.

Yana buɗewa ya ga inda matsalar take. Kwandon shara na kwamfutar, wato wurin da duk abin da ka goge yake zuwa ya zauna kafin a zubar da shi gaba ɗaya, ya cinye kusan rabin ma'ajiyar.

Jazuli ya yi dariya shi kaɗai.

Ya ɗauki hoton sikirin ya tura guruf, ya rubuta a ƙasa cewa a zo a ga yadda yayarsa ke kiwon shara.

Nan take aka taso.

Wannan ya turo hoton dariya. Wancan ya ce mamarsa ma haka take. Wani ya ce a zubar da kwandon kawai a huta. Wani kuma, wanda ba ya son a riga shi nuna sani, ya ce zubarwa kaɗai aikin 'yan koyo ne. A sa manhajar shara, a danna wurin da ke bin duk filin da aka zubar ya rubuce shi da wofi, ta yadda ko ɓurɓushi ba zai rage ba. Ya ce haka ƙwararru suke yi.

Daga nan aka koma musun wace manhajar ce ta fi iya sharar.

Duk taron nan, babu wanda ya ce a tambayi mai laftof.

Shi ma Jazuli bai buɗe kwandon ba. Wa ke tona shara?

Ya zubar. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Sannan ya sa manhajar, ya danna wurin da aka ce ƙwararru ke dannawa, don kada a ce shugaban guruf ya yi rabin aiki.

Ya zauna yana kallon layin yana cika a hankali, ransa fes.

To, ga abin da ke cikin kwandon.

Yaya Huwaila tana da ɗa, Muhsin, ɗan farinta. Da ciwon sikila aka haife shi. Ya yi fama, ya yi fama, bai kai ga shiga aji biyu ba Allah ya karɓi abinsa.

Yaro ne mai surutu. Ko a gadon asibiti, in ciwon ya lafa, sai ya karɓi wayar uwarsa ya ce a ɗauke shi yana karanta Ƙulhuwallahu, ko yana kwaikwayon likita. Ta tara bidiyonsa da yawa. Ta kwashe su zuwa laftof saboda wayar ta cika, daga baya kuma aka zare wayar daga jakarta a cikin kasuwa.

Bayan rasuwar sai ta koma kallon su. Ta rufe ɗaki ta kalla, ta fito idanu a kumbure.

Inna ta gani ta yi shiru, ta sake gani ta yi shiru, ranar nan ta kasa. Ta ce wannan ba tawakkali ba ne. Ta ce ɗan fari ne fa, ina kunya, ina kara? Ta ce addu'a yaron yake buƙata, ba hawaye ba. Ta tsaya a kanta ta ce sai ta goge su a gabanta.

Ba mugunta ba ce. Uwa ce ta ga 'yarta tana ƙarewa.

Huwaila ba ta iya musu da Inna. Ta zaɓe su duka ta goge, Inna tana kallo, ta sa mata albarka.

Sai dai Inna ba ta san akwai kwando ba.

Can suka zauna. Huwaila ta yi wa mahaifiyarta biyayya, kuma ba ta rabu da ɗanta ba. Ba kullum take zuwa ba. Sai ranar da abin ya tsaya mata a ƙirji, ta buɗe kwandon, ta dawo da guda ɗaya, ta ji muryarsa, ta mayar.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ko mijinta bai sani ba.

Bayan la'asar ta dawo. Jazuli ya tarye ta da fara'a, ya kunna laftof ɗin a gabanta don ta ga yadda take tashi kamar sabuwa.

Ta yi murmushi. Sai idonta ya sauka a kan ɗan hoton kwandon da ke gefen sikirin. A da cike yake da takardu. Yanzu fayau.

Ta danna. Babu komai.

Ta ce, "Jazuli, ina kayan da ke nan?"

"Shara ce ai, Yaya. Na zubar. Ita ce ta cika miki wuri."

"Ka buɗe ka gani?"

"A'a. Abin da kika riga kika goge ne."

Ta daɗe tana kallon sikirin. Sannan ta ce, a hankali, "Yaron ne a ciki."

Ba ta faɗi sunansa ba. Ba ta taɓa faɗa ba ko yana da rai.



Jazuli ya ce ta kwantar da hankalinta, ana dawo da irin wannan. Ya san ana dawowa, ya sha yi wa mutane. Ya sa manhajar farko, ta bincika ta ce babu. Ya sa ta biyu, ta ce babu. Ya koma guruf, wannan karon ba hoton dariya, ya faɗi abin da ya faru.



Can wani ya tambaya ko ya danna wurin nan mai rubuce fili da wofi. Ya ce ya danna. Aka ce to sai haƙuri, an yi manhajar ne don kada a iya dawo da komai, kuma ta yi aikinta.

Wanda ya kawo shawarar ya rubuta cewa shi fa bai san akwai abu mai muhimmanci ba. Gaskiya ya faɗa. Wani ya ƙara da cewa shi ya sa kullum ake cewa a riƙa ajiye kwafi a wani wuri. Shi ma gaskiya ya faɗa, kuma ni da ina wurin da na ce masa ya riƙe gaskiyarsa.

Jazuli bai haƙura ba. Ya ɗauki laftof ɗin har Kano, ya zaga wurin masu gyara, kowa ya duba ya miƙo masa. Ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya ko wani yana da bidiyon yaron. Aka samu hotuna, na suna da na Sallah. Murya babu. Ba wanda ya yi zaman asibitin nan yana ɗauka sai uwarsa.

Ya kai mata laftof ɗin gida, ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya kasa ɗaga kai.

Da ta zage shi da ya ji sauƙi. Ba ta zage shi ba. Ta kawo masa ruwa, ta ce ƙaddara ce, ta ce kada ya bari Inna ta ji.

Har ya tashi zai tafi ta kira shi.

"Kai da kuke wasa da shi. Yaya ma yake cewa in zai kira ka? Akwai yadda yake jan Kawun nan. Ɗan yi min."

Jazuli ya buɗe baki.

Ya san yaron yana ja. Ya san akwai wata 'yar dariya a ƙarshe. Ya laluba, ya laluba, bai samu sautin ba.

Ta jira shi. Da ta ga ba zai zo ba ta gyaɗa kai.

"Ni ma ya fara ɓace min," ta ce.

Darasi:

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In an ba ka waya ko kwamfuta ka gyara, amana aka ba ka, kuma ba ka san abin da mutum ya ɓoye a inda kake ganin shara ba. Kafin ka goge komai na wani, ka tambaye shi, ko da tambayar za ta sa ka yi kama da ɗan koyo. Ku kuma masu ba da shawara a guruf, ku tuna na'urar da kuke magana a kanta tana da mai ita.

In kana da hoto ko muryar wani da ba za ka sake samu ba, ka kwafe shi zuwa wuri na biyu yau.

Ka tura wa wanda ake kai wa gyara a gidanku. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.